Inji ya karɓe tsinta, ya bar wa ɗan cin rani dako

Da zarar an gama yankan hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, an kuma kammala roron wake, sai tashoshin mota na Agye da Gazawa da Gidan Rumji su cika maƙil da samari, kowa da ɗan ƙunshin tufafinsa cikin buhu. Cin rani ke nan, sana'ar da ba a koya wa kowa a lakwal amma kowane gida ya san ta. Wasu su kan nufi arewa, Agadas da Aljeriya da Libiya, ko ramukan zinariya na Jado tun da aka gano su a 2014. Amma hanyar da ta fi kusa, wadda kuma kuɗin motarta bai fi ƙarfin talaka ba, ita ce ta kudu: Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sannan Kano.

Dalilin tafiyar ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa macen jahar Maraɗi, in an yi ƙiyasi na tsaka-tsaki, tana haihuwar ƴaƴa fiye da 8, alhali kuwa gona ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma da iyalinsa an raba shi gida biyar ko goma, kuma rumbun magidanta da yawa ba ya ganin ƙarshen bazara. Kowane saurayin da ya tafi, baki guda ne ya ragu a kan rumbu. Abin da ya aiko kuma shi ke sayen tiyar hatsi a lokacin da ta fi tsada, shi ke biyan iri da takin zamani, wani lokaci ma shi ke hana a jinginar da gona.

Shi ya sa maganar da ake yawan ji a rediyo, cewa injuna masu sarrafa kansu suna karɓe aikin mutane a masana'antun duniya, ta wuce Turai da Sin, ta taɓa rumbun Gangara da na Cadakori. Sai dai yadda ake faɗinta akwai gyara. Abin da jama'a ke tsoro shi ne inji ya kori mutum. Abin da ke samun ɗan cin rani a Kano kuwa ya fi wannan wuyar gani: inji bai kore shi ba tukuna, ya dai zaɓe aikin ne, ya ɗauki tsoka ya bar masa ƙashi.

Kafin a gane haka sai an waiwayi baya. Jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, kuma cikin ƴan shekaru gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, ta zama uwar arzikin ƙasar Hausa, ta Ingilishi da ta Faransi gaba ɗaya. Dalar buhunan nan da ake nunawa a hotuna, bisa kawuna da kafaɗun leburori aka gina ta. A nan gida ma Maraɗi ta yi nata masana'antun: kamfanin man gujiya na Siconiger tun zamanin Turawa, da injin gurzar kaɗa, da majemar Sonitan, ga kuma Sonara da aka kafa a 1962, mai injin ɓarar gujiya a Cadawa, wadda kowace kaka take ɗaukar ma'auna da masu ɗinkin buhu da ƴan dako. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta afka wa gujiya a 1975, su suka karya wannan arziki. A can kudu kuwa lokacin ne kuɗin man fetur ya cika Bompai da Sharaɗa da Calawa da masaƙu, da majemu, da kamfanonin sabulu da alewa da roba da kwanuka. Kaduna ta riga su, domin babbar masaƙarta ta farko ta buɗe tun 1957. Wani masani ɗan Amurka, Paul Lubeck, wanda ya yi bincike cikin leburorin Kano ya kuma wallafa littafi a kansu a 1986, ya nuna cewa da yawansu ƴan ƙauye ne da gardawa waɗanda cin rani ko almajiranci ya kawo birni.

Aikin wancan zamani ba aljanna ba ne. Ƙara ce, da ƙurar kaɗa, da heluma mai tsawa. Amma yana da abu guda da ya kamata a riƙe: yana da tsani. Yaro ya shiga da tsintsiya, bayan shekara ya zama mai miƙa zare, bayan biyu a ba shi injin saƙa ya tsare, kunnensa ya koyi irin kukan da ke nuna bel zai tsinke. Injin wancan lokaci yana bukatar hannu da ido da kunne, waɗanda ba takarda ke ba da su ba. Wanda bai taɓa zama a aji ba yana iya zama gwani, ya sami kati, da albashin wata, da sandika a bayansa. Ba a rasa dattijo a ƙauyukan nan wanda shanun nomansa da amalankensa da rufin kwanon ɗakinsa daga nan suka fito. Korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a Janairun 1983, da rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986 da aka fara a zamanin Buhari, wanda har yunwar lokacin ta ci sunansa, sun dai tuna wa kowa cewa tsanin a jingine yake da bangon wani.

Masaƙun nan sun mutu ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, kuma gaskiya ita ce babu hannun mutum-mutumi a mutuwarsu. Rashin wutar lantarki ne, da tsadar baƙin mai, da atamfar Asiya mai araha. Mai karatu ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ta wace hanya wani kaso na wannan atamfa ya bi kafin ya isa Kantin Kwari: daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, zuwa ɗakunan ajiya na Maraɗi, sannan ya tsallaka da dare. Ribar cinikin fito da ta gina benaye a Maraɗi, wani gefenta aikin ɗan ƙauyen Agye ne da ya rufe a Sharaɗa. An faɗi wannan ne don lissafi ya cika.

Masana'antun da suka taso a kangon waɗancan iri dabam ne. Tun da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a Kebbi cikin Nuwamban 2015, ta kuma rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, manyan injinan shinkafa suka yawaita a Kano da kewaye. A gefen kasuwar Dawanau kuma, inda riɗi da waken jahar Maraɗi ke sauka, ga ɗakunan gyaran riɗi da zoɓo da citta na masu fitar da kaya waje. Ga kamfanonin roba, da na buhu, da na ruwan leda.

Ya kamata mai karatu ya san yadda sabon injin shinkafa yake, domin a nan maganar take. Ana juye shanshera cikin rami guda. Daga nan hannu ba ya ƙara taɓa ta. Na'ura ta ɗaga ta sama, wata ta rairaye ƙasa da ciyawa, wata ta fid da tsakuwa. A turara ta da tururin babbar tukunyar ƙarfe, a busar da ita da iska mai zafi, a ɓare, a goge, a ware karyayya daga lafiyayya. Kusa da ƙarshe akwai na'urar da kowa ke kira Sortex, da sunan kamfanin da ya yi fice wajen ƙera ta: ƙwayoyi suna kwarara ta gaban idon kyamara, duk wadda launinta ya saɓa sai a busa mata iska ta faɗa gefe, dubbai cikin ƙiftawar ido. Sikeli ya auna kilo 50 da kansa, keke ya ɗinke bakin buhu. Dukan wannan mutane ƙalilan ke lura da shi, suna kallon allo da fitilu. Gyaran riɗi ma kusan haka yake.

To, a tuna su wa ke yin waɗannan ayyuka a da. Turarawa da shanya da sheƙa da tsinta aikin jama'a da yawa ne, mata da samari, aikin haƙuri da ƙwarewa fiye da na ƙarfi, wanda tsoho da mai rauni ma ke iya cin abinci da shi. Shi ne inji ya karɓe. Abin da ya rage kuwa shi ne sauke buhun shanshera daga tirela, da tura ƙaiƙayi cikin wutar tukunya, da share ƙura ƙarƙashin na'urori, da tarar buhu a bakin bel a jera shi a ɗora wa mota. Wato baki da wutsiya na lebura ne, ciki na inji.

Wanda ya yi karatun boko ya saba jin cewa inji na zuwa ne ya ɗauke wa ɗan Adam wahala. A ƙasashen da ƙwadago ke da tsada akwai gaskiya a ciki: motar ɗaga kaya ce ke fara shiga, domin ba mai ɗaukar buhu a ka sai an biya shi da yawa. A Kano lissafin a juye yake. Mai kamfani ba ya sayen na'ura don tausayin bayan lebura, yana sayenta ne inda mai sayen kaya ya tilasta masa. Ɗan Japan ko Baturken da ke sayen riɗi yana son sa tas, ba ƙasa ba tsakuwa, kuma kowa ya ga yadda Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki. Uwargidan Legas ma ta daina yarda da shinkafar da ke fasa haƙori. Idon mutum ba ya iya wannan tsafta a kan tirela bayan tirela, saboda haka dole a sayi na'ura, ko nawa take. Amma ɗaukar buhu fa? Motar ɗaga kaya da dalar Amurka ake sayenta, tana shan gazwal, kayan gyaranta daga waje suke. Wutar lantarki ma a Afrilun 2024 an ninka kuɗinta fiye da sau uku ga layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a yini. A bakin ƙofa kuwa ga samari tsaye tun asuba, kowa na roƙon a ɗauke shi. Muddin bayan mutum ya fi gazwal araha, bayan mutum za a ci gaba da ɗora wa kaya.

Kuma dakon masana'anta ba irin na kasuwa ba ne. Ɗan dakon kasuwar Cadawa in ya gaji ya kan jingina da buhu ya sha fura, in ladan ya kira ya ajiye ya tafi. Bel ba ya gajiya, ba ya jin kiran salla. Buhu na fitowa kowane ƴan daƙiƙu, wanda ya yi jinkiri kaya su taru a gabansa, heluma ya gani. Injin da aka saya da bashin banki ba a son ya tsaya, don haka aiki ya zama dare da rana, a wurare da yawa kashi biyu na awa 12. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar fiye da kilo 55 shi kaɗai, alhali buhun shanshera da na masara a kasuwannin ƙasar Hausa ya kan kai kilo 100. Masana lafiyar ma'aikata kuma sun ce ƙarar da ta haura desibel 85, in ana shanta awa 8 kullum, tana cin kunne sannu a hankali ba tare da mai shi ya ankara ba.

Tsanin nan da aka yi magana kuwa an zare masa matakan tsakiya. Tsakanin mai tarar buhu da mai kula da allo babu wata hanya da gwanintar hannu za ta bi. Allon da Ingilishi yake magana. Mai kula da shi takardar makarantar fasaha gare shi, in ma ba injiniya ba ne da aka ɗauko daga Indiya ko Sin tare da na'urar. Saurayin Gangara da ya bar lakwal a aji huɗu, wanda ɗan abin da ya riƙe ma Faransanci ne, yana iya yin rani goma a kamfani guda ya fita kamar yadda ya shiga, ban da ciwon baya. Kakansa ya koma gida da sana'a a hannu, shi ya koma da kuɗin tiya.

Da yake aikin da ya rage ba ya bukatar koyo, kamfani ba ya bukatar sanin sunan mai yinsa. Nan ɗan kwangila ya shigo. Kamfani ya ba shi jinga: tirela kaza, buhu kaza, kuɗi kaza. Shi ya ɗebo mutane a bakin ƙofa, shi ya biya su da maraice ko ƙarshen mako, bayan ya cire nasa. A rajistar kamfani sunayensu ba su fito ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin wata 3 su wuce. Maganinta kuwa sananne ne, a sallame shi kafin nan a sake ɗauka. Dokar diyya ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun da ke biyan wanda ya ji rauni, amma wanda ba a rubuta sunansa ba, da wace shaida zai je? Dokar mafi ƙanƙantar albashi kuwa, wadda a Yulin 2024 ta kai shi naira dubu 70, ita da bakinta ta cire masu aikin jinga, da na lokaci-lokaci, da duk ma'aikatar da ba ta kai mutum 25 ba. Kai ka ce ɗan cin rani aka auna kafin a yanka wannan togaciya. Bugu da ƙari shi baƙo ne, kuma baƙon da takardunsa ba su cika ba ba ya kai ƙara ofishin hukuma, ko da gaskiyarsa ta kai tudu.

Inda wannan hali ke iya kai mutum an gani a watan Yunin 2020. Ƴan sandan Kano sun buɗe wata masana'antar shinkafa a Calawa suka fito da ma'aikata fiye da 100, waɗanda suka ce an tsare su a ciki tun ƙarshen Maris, lokacin dokar zaman gida ta annobar korona, don kada inji ya tsaya. Sun ce an yi musu alkawarin ƙarin naira dubu 5 a wata, wanda ya ƙi kuma a bakin aikinsa. An kama wasu manajoji. A lura cewa waɗannan masu albashin wata ne, wato sun fi ɗan jinga gata.

A zo ga kuɗi, tunda don su aka tafi. A farkon shekarun 1980 naira guda ta fi dalar Amurka daraja a canjin hukuma, wanda ya dawo da ita a aljihu mutum ne a ƙauye. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023 ta yi ta faɗuwa, har a ƙarshen 2024 jikka guda ta sefa ta haura naira dubu 2 wurin ƴan canji. Wato ko da an biya mutum cikakken albashin doka, naira dubu 70, in ya canza a lokacin bai kai jikka 30 ba, alhali mafi ƙanƙantar albashi a Nijar an ɗaga shi zuwa jikka 42 daga Janairun 2024. Daga ciki kuma a cire ci, da kwana, da kuɗin mota, da abin da ake bari a shingayen hanya. Mai tambaya ya ce, to don me ake tafiya? Don aikin jikka 42 ɗin babu shi a Agye cikin rani. Layin bakin ƙofar kamfani ma ya ƙara tsawo, domin manoman Zamfara da Sakkwato da Katsina da ƴan bindiga suka raba da gonakinsu suna ciki. Mutanen Gidan Rumji sun san wannan labari ba a rediyo ba: tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga can suka sauka gare su, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Abin da ba ya shiga lissafin kowa shi ne jikin da ake dawowa da shi. Yatsun da bel ya cinye, tarin da ba ya jin magani, ƙugun da ya ƙi sunkuyo daidai lokacin da damana ta faɗi ake bukatarsa a bayan hauya. Kamfani ya ci ƙarfin, ƙauye ya yi jinya. Takardar maganin kuma ta kan ƙare a hannun ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati a Maraɗi ko Yamai, ko alhajin garin. Saboda haka mai karatun wannan fili yana biyan wani kaso na arahar leburan Kano, ko ya sani ko bai sani ba.

Duk da haka zagin inji aikin banza ne. Injin niƙa ya raba matan ƙauye da dakan asuba, kuma ba a ji wadda ke kukan turmi ba. Tsintar riɗi cikin ƙura yini guda a kan ɗan abin cefane ba abin kewa ba ne. Riɗi mai tsafta ya fi kuɗi a waje, in an yi adalci kuma wani abu ya kan gangaro har wurin manomi. Samarin da Allah ya haɗa da maigida nagari a Kano ko Katsina, suka koyi walda ko naɗin wayar injin lantarki ko gyaran janareta, su ne yau ke da rumfuna a bakin titin da ya ratsa Tibiri da Cadawa da Gazawa, suna da yara ƙarƙashinsu. Abin dubawa shi ne wa ke yanke shawarar aikin da za a ba inji, kuma wa za a koya wa riƙe shi.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi ta nan. Shekaru da yawa kamfanonin mota na Faransa suna zuwa har ƙauyukan Maroko suna ɗibar samari, suna zaɓen masu ƙarfi waɗanda ba su yi karatu ba. Aka tsayar da su gaban bel, motsi guda shekara da shekaru, ba a damu da koya musu komi ba. Da mutum-mutumin walda da na fenti suka iso, sai aka ce ba su da ilimin da za a sake horar da su. A Disamban 1983 gwamnati ta amince a sallami mutum 1.905 a masana'antar Talbot ta garin Poissy, akasarinsu baƙi, a 1984 kuma aka fito da tallafin komawa gida. Jamus kuwa ta nuna cewa gyara na yiwuwa in an so. A 2020 korona ta kama ma'aikata fiye da 1.500 a wata babbar mayanka ta zamani, akasarinsu ƴan gabashin Turai da ƴan kwangila suka kawo. Kafin shekara ta ƙare majalisa ta yi dokar da ta hana manyan mayanku ɗaukar mahauta ta hannun ɗan kwangila, daga Janairun 2021. Injunan suna nan yadda suke, sunan ma'aikaci ne ya koma cikin rajistar kamfani. Game da mutum-mutumi kuwa, ƙungiyar masu ƙera su ta duniya ta ƙidaya fiye da miliyan 4 suna aiki a masana'antu a 2023, kuma rabin sababbin da aka kafa a shekarar a Sin suke. Kason Afirka bai taka kara ya karya ba. Sai dai ba sai sun zo Kano ba kafin su taɓa ɗan cin rani: kayan da suka ƙera a can ne ke sauka kasuwa da arahar da ke sa mai kamfanin nan ya ƙara matse lebura.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maganar tana tahowa gida. Agye da Cadawa da Gazawa su ne cibiyar noman aya a Nijar, kuma haƙar aya aikin hannu ne mai cin mutane da yawa: a ƙone ganye, a tone ƙasa, a tankaɗe da rariya, a sheƙe, cikin ƙura da rana, ana biya bisa awo. A nan mutanen yankin su ne masu gida, wasu ke zo musu neman aiki. Ayar tana zuwa Nijeriya, tana kaiwa har Ispaniya inda ake yin kununta. Duk alhajin da ke son ya sayar da ita kai tsaye ga Bature, ba ta hannun dillali ba, sai ya sayi na'urar wankewa da ta tacewa, kuma ranar nan zaɓin da ke gaban mai kamfanin Kano zai tsaya a gabansa. Zai kashe miliyoyi a kan na'ura, ya ƙi sayen baron tura buhu da abin rufe hanci na dala ɗari? Duk lokacin da ta tsaya zai jira mai gyara daga Kano ko Kwatano, ko kuwa zai tura yara uku na garin su koya tun ranar da ake haɗa ta? Ko don aljihu aka duba, na'urar da ta kwana bakwai a tsaye tsakiyar kaka ta fi kuɗin koyon yara uku.

Ma'aikatan gwamnati ma da nasu kaso. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, duka a Maraɗi, masu takarda suke horarwa, kuma saurayin da ke tashar mota da buhu ba ya cikinsu. Abin da yake bukata ƙarami ne: wata uku na farkon rani, cikin Hausa, a koya masa wutar lantarki, da injin da take juyawa, da karanta lambobin allo, a ba shi takardar da zai nuna a bakin ƙofa. Amma fa sai an ciyar da shi. Wanda ya bar gida don ya rage wa rumbu nauyi ba zai zauna a aji yana cin rumbun ba, kuma duk horon da ya manta da tukunya bencina zai koyar.

Sannan takardu. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba ɗan Nijar damar shiga Nijeriya ba tare da biza ba har kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce a lokacin a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga har zuwa wata sanarwa, wato abin da a da haƙƙi ne ya koma alfarma. Kamfanin da ke biyan albashi ta banki yana neman asusu, banki yana neman lambar shaida, wanda ba shi da ita kuwa ɗan kwangila kaɗai ya rage masa. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, akwai kuma hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai. Kaya da dabbobi da tsaro sun sami masu magana a kansu. Rajistar leburori, da hanyar da wanda ya ji rauni zai bi ya karɓi diyya, ba su fi ƙarfin waɗannan ofisoshi ba.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Ranar da ya kama aiki sosai, riɗi da aya da wake za su fara tafiya cikin kwantena, kwantena kuwa ƙugiya ke ɗaga ta. Wato dakon ma da inji ya bari, aro ne: mutane ƙalilan za su yi abin da gomomin ƴan dako ke yi a kan iyaka da manyan kasuwanni. Yaron da zai zauna a kujerar wannan ƙugiya yanzu haka yana aji uku, ko a Katsina ko a Gazawa.